Maraƙin Ƙaiƙayi

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Wannan takarda ta fito daga bakin innarki, a gidanmu na gabas da Tabotaki, zuwa ga ɗiyata Lami a sabon mazauninta na fadamar Madawa. Ni ke faɗa, Malam Habu ke rubutawa. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki da kawunsa da ya ba ku wurin noman albasa, ina gaida jikana, maigidana Illa, wanda ya hau jaki ya tafi bai ko waiwayi tsohuwar matarsa ba. Allah ya sa kun sauka lafiya, ya tsare ku daga sharrin baƙon wuri da baƙon ruwa.

Labarin gida sai wani jiƙo. Ki fara jin wannan tukuna: kada ki yaye Illa ranar Jumma'ar da kuka sa. Kada ki ba shi madarar Guntuwa, saniyar da babanki ya ba ki, ko da cikin ludayi ne. In mai karanta miki ya gaji ya tsaya a nan, to kin ji abin da ya sa na aiko. Masu jakan da za su ci kasuwar Madawa sun ce kwana uku za su yi a hanya, Jumma'a kuwa saura kwana shida. Tun da safe nake ƙirga kwanakin nan da yatsu, ina sake ƙirgawa.

Na san da fushina kika tafi. Kin zo kin durƙusa a ƙofar ɗakina kin ce in karɓi yayen Illa kamar yadda kowace kaka ke yi, na ce miki a'a, na ci gaba da tankaɗe. Ban ba ki dalili ba. Ke 'yar fari ce, tsakanina da ke kunya, ko sunanki na yanka ban taɓa kamawa ba, kuma na daɗe ina fakewa da wannan kunya ina ɓoye abin da ba kunya ba ne. Yau zan faɗe shi. Na gaya wa Malam Habu ya rubuta yadda ya fito, kada ya gyara mini, kada kuma ya ɗago kai ya dube ni. Ke ma ki sa a karanta miki daga ke sai mijinki.

Kina tuna ƙanenki Jibo? Ina jin abin da kika riƙe kaɗan ne, don shekararki huɗu lokacin. An gaya miki yunwa ce ta ɗauke shi a shekarar fara. Ni na faɗi haka, kowa ya yarda, don a shekarar nan ba gidan da bai binne wani ba. Fara ta sauka ta cinye hatsi tun yana tsaye. Babanki ya bi maza suka yi kudu neman abin da za su aiko, ya bar ni da ku biyu da rumbu wanda in ka yi magana a ciki sai muryarka ta dawo maka. 'Ya'yan itacen anza muke jiƙawa kwana da kwanaki har ɗacinta ya ragu mu ci. Abin da ya bambanta mu da maƙwabta guda ne, muna da saniya mai tatsa, Kyalla, wadda ubana ya ba ni ranar da aka kawo ni gidan nan.

Nonona ya ƙafe tun Jibo bai cika lokacin yaye ba, sai na mai da shi kan Kyalla. Kowace safiya in tatsa, in ba shi da ɗuminsa da kumfarsa a nan gindin turke. Don ta samu abin ci na bi gawo ina kakkaɓo 'ya'yansa, na zare tsohuwar ciyawar rufin ɗakin girki na ba ta. Ina alfahari da ita ƙwarai. Matan unguwa na wucewa da 'ya'yansu a ƙanjame, ni nawa na da ɗan kumatu.

Tun kafin fara ta zo Kyalla ke tari. Busasshen tari ne, gajere, da safe in ta tashi daga kwance ko in an kora ta ta yi sauri. Na ji shi, ba sau ɗaya ba. Na ce ƙaiƙayi ne ya shiga mata maƙogwaro. Daga baya na ji wani ƙullutu a hantsarta ta baya, mai tauri, ba zafi, in na matsa ba ta ko motsi. Na ce ai tun da ba ya mata ciwo ba komai ba ne. Gaskiyar ita ce ina gudun in san abin, don in na sani sai na yi wani abu a kai, ni kuwa ban da wata saniyar. Lami, in dabba ta yi tari ya wuce wata guda, ki ce tari take yi, kada ki nema masa wani suna mai daɗi. Ki riƙa shafa hantsa da hannunki kafin ki sa ƙwarya. Hannunki zai gaya miki gaskiya, ki saurare shi ko da ranar ba ki da abin ɗorawa a wuta.

Sai maraƙinta ya fara lalacewa. Ban cuce shi ba, Allah shaida ne, nono biyu nake bar masa in tatsi biyu. Duk da haka ciki ya kumbura, ƙafafu suka shanye, shi ma ya kama irin tarin uwar. Maruƙan maƙwabta sun rame, amma ba sa tari. Ranar da ya mutu kowa ya ce yunwa, ni ma na ce yunwa. Abin da ya tsaya mini a rai ba mutuwarsa ba ce. Kin san halin shanunmu, in ba maraƙi a gabansu sai su riƙe nono, ko za ka tatsa har yatsu su sage. Kwana biyu Kyalla ta hana ni ko ɗigo, Jibo na kuka har muryarsa ta dushe.

A nan ne na yi abin da aka fi yabona da shi a garin nan. Kakannina a ƙarƙashin Buzayen arewa suka zauna, su ke yi musu tatsa, a can suka koyi aikin, innata ta koya mini. Na feɗe maraƙin ban tsaga fatar ba sai ta ciki, na shanya ta a inuwa, na cusa mata ƙaiƙayi har ta cika, na ɗinke, na kafa mata itace huɗu ta tsaya da ƙafafunta. Na yayyafa ruwan kanwa a gadon bayanta, na kai gaban Kyalla. Ta sunsuna, ta yi wani ɗan kuka, ta fara lasa. Ina durƙushe na ji hantsa ta cika a hannuna. Na yi dariya ranar, har guɗa na yi ni kaɗai a bayan gida.

Ki tsaya ki dubi abin da na yi. Maraƙi ya sha wannan nono ya mutu. Allah ya nuna mini a fili, ya kuma sa saniyar ta rufe nonon da kanta. Ni kuma na ɗauki fatar mataccen na yaudare ta da ita, na buɗe abin da aka rufe, na ba ɗana. Ɗinkin maraƙi ba laifi ba ne, ya ceci yara da yawa a garin nan, shi ya sa ban ƙi koya miki ba da kika girma. Amma na koya miki ɗinki ban koya miki tambaya ba. Kafin ki zura zare a allura ki tambayi me ya kashe maraƙin. In kura ce, ko maciji, ko rijiya ya faɗa, ki ɗinka. In a kan nonon uwarsa ya shanye yana tari, ki haƙa rami ki binne shi da fatarsa.

Wata biyu bayan haka wuyan Jibo ya fito da kaluluwa, irin wadda ba ta zafi kuma ba ta tafiya. Jikinsa na ɗumi da yamma, yana zufa, kumatun nan da nake alfahari da su suka zube. A lokacin aka yi shela cewa likita ya sauka garin Buza yana yi wa yara lambar rigakafin agana, kowace uwa ta kai nata, wadda ta ƙi mai gari zai ji da ita. Na goya Jibo, na ja hannunki, muka kama hanyar duwatsun nan. Likitan baƙar fata ne, Nasara suka koya masa aiki, Hausarsa ta wani wuri ce. Da ya zo kanmu sai ya ajiye abin lambar ya shafa wuyan yaron. Ya tambayi abin da yake sha, na gaya masa da ɗaga kai. Ya tambaya ko saniyar na tari. Na ce ba ta yi.

Ya dube ni yadda ake duban wanda ya yi ƙarya. Ya ce akwai ciwon da ke zama a huhun shanu, yana da 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, suna bin nono su shiga cikin yaro, kuma wuta ce kaɗai ke kashe su. Ya ce in ba zan iya rabuwa da saniyar ba, to in riƙa dafa madarar har ta tafasa ta taso, kullum, ba fashi. Ya maimaita mini sau biyu, layi na jiransa.

Kin san abin da ake cewa a wajenmu, da shi kika tashi. Wanda ya ɗora madara a wuta ya ƙone hantsar saniya, nononta zai ƙafe. Innata ta gaya mini haka tun ban kai tsayin turke ba, ta ce a rugar Buzaye baiwar da ta yi wannan sai ta sha bulala. Duk da haka da muka dawo na gwada. Na dafa kwana ɗaya, na dafa na biyu. A rana ta uku abin da Kyalla ta bayar bai rufe gindin ƙwarya ba. Yau na san dalili, 'ya'yan gawo ne suka ƙare, saniyar ba ta ci komai ba. Amma ranar sai na ce na ƙone ta, na kashe 'ya'yana da maganar baƙo. Na kife tukunyar ban sake ɗora ta ba. Ba wanda ya hana ni, Lami. Babanki ba ya nan, kakarki ta rasu, ba wanda ya ma san na je na dawo da wata magana. Ni kaɗai na yanke.

Jibo ya kai farkon damina. Ciwon ya sauka daga wuya ya koma ciki, cikin ya kumbura ya yi tauri, sauran jikin ya zama ƙashi. Ya daina kuka, sai kallo. Har ranar ƙarshe ina ɗura masa madarar Kyalla da ɗuminta, don ita kaɗai yake iya haɗiyewa, ina cewa ita ke riƙe da ransa. Ya cika da hantsi, a cinyata, ke kina wasa da ƙasa a bakin ƙofa. Ki bari in ɗan tsaya, Malam ma ya ajiye alƙalami.

Ba a yi kwana arba'in ba Kyalla ta kwanta ta kasa tashi. Na kira barunde, mahaucin garinmu, ya yanka ta kafin ta zama mushe. Yana cikin fiɗa sai ya kira ni gefe, ya juya baya ga mutane, ya buɗe mini huhun. Duk ya yi ƙuraje, farare-farare, wasu kamar ƙwayar dawa wasu sun fi haka, in ya sa wuƙa sai ka ji ƙaras kamar ya yanki tsakuwa. Ya tsaga hantsar, ita ma haka.

Ya ce, "Wagga saniya ta daɗe da mutuwa, tahiya kawai takai. Wa ka shan nononta?"

Na ce, "Ba kowa."

 Ya haƙa rami ya binne kayan cikin, ya tafi, kuma har Allah ya karɓi ransa bai taɓa tayar mini da zancen ba. Da babanki ya dawo da ɗan buhun dawa a kafaɗa, ya tarar ba ɗa ba saniya, na ce masa yunwa. Ya zauna a ƙasa ya ce laifinsa ne da ya daɗe. Na bar shi ya ɗauka. Shekara goma sha bakwai ke nan yana ɗauke da shi, duk shekara in hatsi ya nuna sai ya ce da Jibo ya jira kaɗan. Wannan ya fi kashe saniya da yaro muni a wurina, don wancan na yi shi da tsoro da jahilci, wannan kuwa da sanina nake yin sa kowace safiya. In kin yi kuskure a gidan mijinki, ki faɗe shi tun yana ɗanye. Nawa na bar shi ya daɗe har ya zama ba na iya ceton jikana sai na tona kaina.

Ga wani abin da ba ki sani ba. Tun da muka sake yin shanu, ba madarar da ta shiga cikin wani a gidan nan ban dafa ta ba. In na tatso sai in zaga bayan rumbu, inda nake cewa ina dafa wa kaji dusa, in tafasa ta, ta huce, in zuba mata ɗan tsohon nono ta kwana ta yi tsami. Babanki kullum yana tsokanata wai nonona warin hayaƙi yake, wai ƙwaryata ce ba na wankewa. Na sha wannan gori. To ki ji da kyau, shekara goma sha biyar ina dafawa, ba hantsar da ta ƙone, ba saniyar da ta ƙafe. Shanunmu sun fi na kowa nono a unguwar, shi da kansa yake faɗa a bakin masallaci. Maganar innata ba gaskiya ba ce, Allah ya jiƙanta, ita ma haka aka gaya mata. Da na faɗi wannan a fili tun tuni, da yanzu rabin matan garin nan na dafawa.

Yanzu kin kusa gane dalilin da na ƙi yayen Illa. Kin san al'adar gidan babanki. Ɗan yaye, kakansa namiji ke ɗaukarsa da safe ya kai shi gindin turke, a tatsa a ƙoƙo, ya ba shi da hannunsa da kumfar da ɗumin, har kwana arba'in. Tun Illa na ciki babanki ya fafe ƙoƙon ya rataye. Saniyar da ke tatsa a gidanmu bana kuwa Guntuwa ce kaɗai, Guntuwa kuma tun sanyin bara take irin wancan tari. Wata biyu da suka wuce na ji ƙullutun a hantsarta, a baya, wajen hagu, na saki nonon kamar na taɓa garwashi. Ba yadda zan hana babanki ba yaron ƙoƙon nan ba tare da na gaya masa dalili ba, dalilin kuwa Jibo ne. Sai na zaɓi abin da ya fi mini sauƙi, na ce ba na karɓar yaye. Na ce a raina za ku tafi Madawa, yaro zai yi nisa da saniya, shi ke nan.

Ban yi lissafi da zuciyar babanki ba. Abin ya yi masa ciwo, ya ga an kunyata ɗiyarsa a gaban surukai. Maraƙin Guntuwa ya mutu saura kwana goma ku tashi, aka ce zawo ne, ni na ga cikinsa na kuma ji tarinsa. Na ɗauka za a jefar da shi, saniya ta ƙafe, Allah ya rufa mini asiri a karo na biyu. Ashe babanki ya aika miki da fatar gidan mijinki. Sai da safiyar tafiyarku na fito da ƙullin kuka da daddawa, na ga Guntuwa ɗaure a bayan jakinku, na ga maraƙin ƙaiƙayi kwance a kan kaya ƙafafunsa a sama. Na matsa na duba ɗinkin. Nawa ne sak, ƙanana a jere, an juya bakin fata ciki yadda na nuna miki. Ƙoƙon nan kuma na rataye a wuyan jakin.

Babanki ya dube ni gaban mutane ya ce, "Tunda kin ƙi shi, ga wadda za ta yaye shi. Ita ba ta ƙin ɗiyan mutane."

Aka yi dariya. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe, sai na ga mijinki da 'yan'uwansa da maƙwabta duk a tsaye, na miƙa miki daddawa na ce Allah ya kiyaye hanya. Na tsaya ina kallo har kuka sauka gangaren, ina jin tarin saniyar yana nisa. Yau kwana huɗu ke nan da tafiyarku.

Ban sani ba ko kin riga kin ɗan ba shi a hanya. Tafiya da yaro da rana, na san yadda take. In kin ba shi, kada ki tsaya kuka, ba sha ɗaya ke kawo shi ba, na Jibo wata da watanni ne. Ki daina daga yau. Ki riƙa shafa wuyansa ƙarƙashin kunne da haɓa duk in kina masa wanka, in kin ji wani abu kamar ƙwallon magarya ki kai shi gidan likita na Madawa, tunda yanzu kusa kuke. In an tambaye ki ko saniya na tari, ki ce tana yi.

Ga abin da nake so ki yi da hannunki, ba sai kin yi gardama da kowa ba. Ki ɗauki maraƙin ƙaiƙayin ki sa masa wuta. In ba shi, Guntuwa za ta riƙe nononta, cikin 'yan kwanaki ta ƙafe, ba sauran abin da wani zai ɗiba ya ba yaro a bayan idonki. Na san mijinki zai ce kyautar suruki ce, ba a wulaƙanta ta. Ki gaya masa ni na ce, fushin babanki a kaina yake, na ɗauka. Mijinki ya kai saniyar wurin likitan dabbobi ko wurin barunde, ya tsaya a buɗe huhun a gabansa. In ya tarar da shi sumul, to ni tsohuwa ce mai ruɗu, ku yi mini dariya har ƙarshen raina, zan ji daɗin dariyar. Kada dai ku sayar da ita da rai ga wani gida, don can ma akwai yara. Illa kuma ki bar shi a nononki har kaka, ko matan wurin za su ce ya yi girma. Duk madarar da za ta shiga gidanki, ta Fulani ce ko ta maƙwabta, ki dafa ta a tsakar gida inda kowa zai gani, kada ki zaga bayan rumbu kamar ni.

Wataƙila kina cewa a ranki tsufa ne da baƙin ciki ke sa ni ganin Kyalla a jikin kowace saniya. To ki ɗaga hannunki na hagu ki taɓa wuyanki, ƙasa da kunne, inda fatar ta tattare. Na gaya miki kan turke kika faɗa kina ƙarama. Ba ki taɓa faɗawa kan turke ba. Ran nan a Buza wuya biyu likita ya shafa. Abin da Jibo ya rage a ƙoƙo ke nake ba, kullum. Taki kaluluwar ta nuna ta fito waje, wanzami ya sa mata ƙarfe, ta yi wata biyar tana zubar da ruwa sannan ta rufe. Ta Jibo kuwa ta koma ciki. Ba wani abin da na yi miki da ban yi masa ba, Allah ne kawai ya bar mini ke. Ki bar yatsanki a wurin har a gama karanta miki takardar nan, sannan ki dubi wuyan Illa.

Babanki na gona, zai dawo bayan la'asar. Na roƙi Malam Habu ya zauna a zaure, ba don ya yi mini magana ba, don dai kada in sake ganin fuskar babanki in haɗiye maganar. Zan gaya masa duka, tun daga tarin Kyalla. Ban san abin da zai yi ba, ko zai bar ni a ɗakin nan ko zai ce in tattara. Kada wannan ya dame ki, kada kuma ki taso saboda shi. In ina nan da kaka, ki kawo mini maigidana in yaye shi da kaina, da tukunya a kan murhu a tsakiyar gida, kakansa ya ba shi a ƙoƙon in ta huce.

Masu jakai sun gama ɗaure kaya, ɗayansu na tsaye a ƙofa. Allah ya kai wannan takarda hannunki kafin Jumma'a. Allah ya tsare Illa, ya raya shi, ya tsare ki da mijinki a inda kuka sauka, ya sa albarka a gonarku. Allah ya jiƙan Jibo, ya sa ya yafe wa uwarsa. Ke ma ina roƙon ki yafe mini, amma ba sai yau ba, wannan zai iya jira. Ki fara ƙone maraƙin tukuna.

Daga innarki.